Ɗan Sifaniyan da Ke Ba da Karatu a Zaurukan Gusau

Ka shiga gidan kallon ƙwallo a Sabon Garin Gusau ranar babban wasa, ka tambayi samari me suka sani game da Sifaniya. Kafin ka rufe baki an jero maka Real Madrid da Barcelona, da wanda ya ci, da wanda aka saya, da nawa aka saye shi. Madalla, ba laifi. Amma akwai wani ɗan ƙasar da sunansa ya riga ƙwallo isowa Zamfara da nisa, kuma har gobe ana ambatonsa a zaurukan malamai bayan Asuba da bayan Magariba, daga Gusau zuwa Tsafe, daga Bunguɗu zuwa Kwatarkwashi. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, bai san ɗanɗanon hoce ba, amma duk ɗalibin da ya yi nisa a nahawun Larabci sai ya durƙusa gabansa. Shi ne Muhammad ɗan Abdullahi ɗan Malik, wanda aka fi sani da Ibnu Malik, mai Alfiyya. A 2024 ya cika shekara 750 da rasuwa a lissafin Miladiyya. Labarinsa naku ne, ku 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da malaman makaranta, domin baƙo ne da ya bar gida, ma'aikaci ne mai jiran albashi, kuma magidanci ne da yara ke jiran ya shigo da cefane. Ku gyara zama.

An haife shi a garin Jayyan, wanda a yau ake kira Jaén, a kudancin Sifaniya, wajen shekara ta 600 bayan Hijira, wato kusan 1203. Ƙasar zaitun ce, har yanzu lardin ne kan gaba a duniya wajen man zaitun. Sai dai yaron bai tashi cikin kwanciyar hankali ba. Bai kai shekara goma ba aka gwabza yaƙin Uƙab a 1212, a cikin lardinsu, inda rundunar Muwahhidun, masu mulkin Musulmin Andalus a lokacin, ta kwashi kashinta a hannu. Daga nan biranen Andalus suka riƙa suɓucewa ɗaya bayan ɗaya: Ƙurɗuba a 1236, Jayyan ɗin kanta a 1246, Ishbiliya a 1248. Shi kuwa tun yana saurayi ya kama hanyar gabas, bai kuma sake ganin garin da aka binne cibiyarsa ba.

Wanda ya baro ƙauyensu a yankin Tsafe ko Maru ko Bunguɗu saboda 'yan bindiga, ya shigo Gusau yana tura baro ko yana ga-ruwa, ba sai an yi masa sharhin wannan ba. Ya san yadda ake kwana da tunanin gonar da ba ta shiguwa. Ya san nauyin a ce da kai baƙo a garin da a da kake zuwa cin kasuwa da kuɗinka a aljihu. To ɗan'uwa, ɗaga kanka. An kore shanu, an ƙone rumbu, amma wa ya kore iyawar da ke hannunka? Wa ya ƙone lissafin da ke kanka? Ibnu Malik bai ɗauko itacen zaitun ko ɗaya daga Jayyan ba. Abin da ya haddace da abin da ya ƙudura su ne guzurinsa, kuma da su ya kafa gida a ƙasar da bai san kowa ba. Naka guzurin yana tare da kai, kwance shi ka fara.

A ƙasar Sham ya sake komawa ɗalibi. Ya ɗauki karatun ƙira'a wajen Sakhawi a Dimashƙa, ya zauna gaban Ibnu Ya'ish a Halab, sannan ya fara ba da karatu da kansa a Halab, da Hama, daga ƙarshe ya tare a Dimashƙa inda ya zama babban malami a makarantar Adiliyya. Da a yau ne, farfesa za mu kira shi. Kada kuma ku zaci ya gudu daga wuta ya faɗa inuwa mai sanyi. Mongol sun rusa Bagadaza a 1258, suka ci Halab suka shiga Dimashƙa a 1260, kafin mayaƙan Masar su taka musu birki a Ainu Jalut cikin wannan shekarar. Yamma yaƙi, gabas yaƙi, shi kuma yana tsakiya da alƙalami da tawada. Da ya ce sai duniya ta lafa zai yi rubutu, da ba mu gaji baiti ko ɗaya ba.

Ku ma ai ba ku jira ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako, an rufe makarantu. Kun daina ciniki? Kun koma aika saƙo a takarda ta hannun direba, kun koma taka sayyada ku je ku gano farashi da idonku. A farkon 2023 takardun kuɗi suka ɓace, mai ƙosai ta koyi karɓar tiransifa. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, ɗan kabu-kabu ya sake lissafi, ya sake fitowa da sassafe. Wanda ya ratsa waɗannan shekarun shagonsa na buɗe, ba ya bukatar wani ya zo daga waje ya koya masa juriya. Abin da ya rage shi ne ya san darajar abin da ya yi, ya ɗora a kai.

Mu duba aikin malamin da kansa, domin a nan ne masu sana'a za su gane ɗan'uwansu. Da farko ya tsara nahawu da sarfu gaba ɗaya a waƙe, cikin littafin da ya kira Al-Kafiyatush Shafiya, kusan baiti 3,000. Aiki ne da zai ishi wani ya kwanta a kansa har ƙarshen rayuwa. Shi kuwa ya dubi ɗaliban da ke gabansa, a zamanin da littafi sai an kwafa da hannu, kuma kai ne ma'ajiyar karatu, ya ga kayan sun yi musu nauyi. Sai ya koma ya tace, ya rage, ya matse, har ya fito da baiti 1,000 da 'yan kai. Ya sa masa suna Al-Khulasa, duniya ta kira shi Alfiyya. Kusan kashi biyu cikin uku na gumin kansa ya ajiye gefe don mai koyo ya iya ɗauka. Telan da ya taɓa farke ɗinkin da ya kwana yana yi saboda wuyan rigar bai zauna ba, ya san zafin wannan. Kafintan da ya sake fere ƙofa sau uku har ta rufu ba ƙara, ya san shi. Mai saye ba ya ganin abin da aka farke, amma shi ne ke sa ya dawo, ya kuma kawo abokinsa. Farke, gyara, sake ɗinkawa!

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da nake so yaran shago su riƙe. Kafin shi, wani malami mai suna Ibnu Mu'uɗi, wanda ya rasu a 1231, ya riga ya yi tasa Alfiyyar. A farkon littafinsa Ibnu Malik bai ɓoye cewa yana ganin tasa ta fi ba. Amma nan take ya tabbatar wa magabacin da falalar riga, ya yabe shi, ya yi masa addu'a. Ka iya fin maigidanka gwaninta, ai don haka ya koya maka. Ka buɗe garejinka, ka fi shi kwastomomi, Allah ya ƙara. Amma ranar Sallah ka je ka gaishe shi, kuma in an tambaye ka inda ka koya, ka faɗi sunansa da ƙarfi.

Labarin da ya fi ratsa ni a rayuwarsa shi ne wanda malamin ƙira'a Ibnul Jazari ya kawo. Ibnu Malik kan zo Adiliyya ya zauna a wurin aikinsa yana jiran masu ɗaukar karatu. Wata rana a cika, wata rana ba kowa. To in ba wanda ya zo, ba ya naɗe buzunsa ya sulale gida yana murna. Sai ya tashi ya je bakin taga, ya ɗaga murya yana shelar cewa ga karatun ƙira'a, ga karatun Larabci, ko akwai mai so. Sai ya yi haka, ya yi addu'a, sannan ya tafi. Hujjarsa ita ce bai ganin ya sauke nauyin da ke kansa sai ya sanar, don wataƙila akwai mai bukata da bai san yana zaune a wurin ba. Ku duba fa! Mutumin da babban alƙalin Dimashƙa, Ibnu Khallikan, kan raka har ƙofar gida bayan salla don girmamawa, shi ne tsaye a taga yana tallar hajarsa. Bai ce ya fi ƙarfin kira ba. Bai ce tunda ba mai duba rajista bari ya ci bulus ba.

Wa ya fi ku sanin ranar da ba kowa? Ranar da mai shayi ya hura wuta, ruwa ya tafasa ya ƙone, benci babu ko mutum ɗaya. Ranar da mai faci ya zauna tun hantsi har La'asar ba tayar da ta sace. Ranar da malamar firamare ta shiga aji ta tarar da yara bakwai, sauran an tafi da su gona ko tsoro ya hana iyaye sakinsu. A irin wannan ranar ake gane ma'aikaci. Malama, koyar da bakwai ɗin nan kamar aji ya cika, sannan ki bi gida-gida ki tambayi sauran. Alhaji, kada ka zauna bayan kanta kana jiran a gano ka. Fito da kayan waje, ɗauki hotonsu ka sa a WhatsApp, aika yaro ya gaya wa tsofaffin abokan ciniki cewa sabon kaya ya sauka. Kira ba faɗuwar girma ba ne. Farfesan Adiliyya ya yi, kai wane ne da za ka ji kunya?

Sai maganar gida, inda kowane namiji ke cire babbar riga. Duk wannan suna bai sa Ibnu Malik ya yi dukiya ba. Imam Suyuɗi, wanda shi ma ya taɓa rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, ya adana mana takardar da Ibnu Malik ya aika wa Sarkin Masar da Sham, Zahir Baibaras, yana neman a tallafa masa saboda ɗawainiyar iyali. A cikinta bai yi ƙasa da murya game da iliminsa ba, ya faɗi matsayinsa a fili, sannan ya faɗi bukatarsa a fili. Malamin makarantar da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata, wanda ke koyarwa da safe, ya yi kabu-kabu da yamma, ya leƙa gona ranar Asabar, ya sani yana cikin ayarin manya. Neman haƙƙinka ba roƙo ba ne. Rubuta takardar, shiga ƙungiyar, je ofishin, faɗi abin da ka iya da abin da kake bi, ka dawo ka ci gaba da aikinka da kyau.

Kuma bai bar 'ya'yansa a baya yana gyara na wasu ba. Ya rubuta wani ɗan littafin nahawu musamman saboda ɗansa da ake wa laƙabi da Asad, har littafin ya ɗauki sunan yaron, Al-Muƙaddimatul Asadiyya. Wani ɗansa, Badruddin, a gabansa ya yi karatu. Gidan malamai ma gida ne: an samu saɓani tsakanin uba da ɗa, har Badruddin ya koma Ba'alabak da zama. Amma abin da aka zuba masa tun yana ƙarami bai zube ba. Bayan rasuwar uban ya dawo Dimashƙa ya zauna a kujerar koyarwa, kuma sharhin da ya yi wa Alfiyya yana cikin na farko-farko, har yau ana buga shi ana karantawa. Uban da ɗansa ya yi fushi ya tafi Abuja ko Legas, kada ya yanke ƙauna. Uwar da ke suyar awara tana sauraron haddar 'yarta da kunne ɗaya, ta sani makaranta take gudanarwa a bakin murhu. Ja yaron kusa da keken ɗinki. Nuna wa yarinyar yadda ake rubuta bashi da yadda ake fitar da riba daga uwar kuɗi. Gadon da ba a kai shi kotu a raba shi ne wanda ka sa a hannunsu tun kana raye, to fara rabon yau.

Tsufa ma bai sa ya rufe littafi ba. Yana da shekara sittin da wani abu ya zauna da malamin hadisi Sharafuddin Yunini, wanda Ibnu Malik ya girme shi da kusan shekara 20, suka bi Sahihul Bukhari daga farko har ƙarshe a zama 71, ana gwada kwafe-kwafe. Yunini na riƙe da ruwaya, Ibnu Malik na warware wuraren da li'irabi ya yi tsauri, kowa malami kowa ɗalibi. Kwafin da ya fito daga wannan zaman shi ne tushen bugun da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Abdulhamid na Biyu ya sa aka yi a Masar wajen 1893, wanda bugu da yawa na yau suka dogara da shi. Masu tarihinsa sun ce ko a ranar da zai rasu, cikin Sha'aban na 672, sai da ya haddace wasu baitoci. To Baba, kai da ka ce kai ya yi tauri, shekararka nawa? Hajiya, ke da kika ce karatu na yara ne, wa ya faɗa miki? Makarantar dare na nan, Islamiyyar matan aure na nan, yaron da zai koya maka karanta saƙon banki yana cikin gidanka yana cin tuwonka. Kira shi.

Masu suka kuwa ba su bar shi ba. Abu Hayyan, ɗan Garnaɗa, ya yi ta cewa ba a san masa wani fitaccen malami ba. Ƙarshenta shi Abu Hayyan ɗin ya share shekaru yana rubuta sharhi mai mujalladai da yawa a kan littafin Ibnu Malik mai suna Tashil. Bar su su yi magana, kai dai gyara aikinka.

Ta yaya littafin da aka rubuta a Sham ya iso bakin Gulbin Sakkwato? A nan 'yan kasuwa za su karɓi nasu yabon. Malaman Masar irin su Ibnu Hisham da Ibnu Aƙil sun yi masa sharhi, amma ba su suka ratsa Sahara da shi ba. Alhazai ne da fatake suka ɗauro littattafai cikin kaya, tare da gishiri da tufafi da takarda, suka sauke a Timbuktu da Agadas da Katsina da Kano. Marubuta suka zauna suna kwafa da tawadar da suka dafa da kansu, dukawa suka ɗinka gafaka. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar ilimi ba ce: 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, cibiyar malamai ce tun kafin jihadi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta cewa yayansa Shehu Usmanu ya karanci Khulasa wajen Malam Abdurrahman ɗan Hammada, kuma Shehun ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Shi kansa Malam Abdullahi bai tsaya ga karanta na wasu ba, ya tsara nasa, Al-Bahrul Muhiɗ a nahawu da Al-Hisnur Rasin a sarfu. Haka ake yi: a karɓa, a ƙware, a ƙera na gida.

Ba kuma Ibnu Malik kaɗai ne ɗan Andalus da ke zaune a cikinmu ba. Ishiriniyar da ake rerawa a Mauludi ta Alfazazi ce, haifaffen Ƙurɗuba. Muwaɗɗar da ke hannun malamanmu ruwayar Yahaya ɗan Yahaya ce, malamin Ƙurɗuba. Ashafa ta Alƙali Iyal ce, wanda ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Mulkin Musulmin Andalus ya tafi, fadojinsu sun zama wurin yawon buɗe ido, aikin hannunsu kuwa yana nan ana biya shi a Tudun Wada da Sabon Gari.

Sabon Garin ma ai baƙi ne suka gina shi. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya jawo masu awon gyaɗa da auduga, da 'yan dako, da akawuna, da teloli. Yarbawa da Ibo da Nufawa da Kanawa da Katsinawa suka sauke kaya, suka kafa rumfa, suka haifi 'ya'yan da ba su san wani gida ba sai nan. Kuma ƙasar nan ta san abin da malami baƙo ke iya zama. Wani matashin malami daga Kano ya yi aiki a kwalejin horon malamai ta Maru har zuwa 1950, lokacin da ya ajiye aikin ya shiga gwagwarmayar talakawa. Sunansa Malam Aminu Kano. Waɗanda suka gan shi yana rubutu a allo a Maru, wa ya san cikinsu cewa za a sa wa filin jirgin sama da asibitin koyarwa sunansa? Yau ga Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, ga kwalejin ilimi ta mata, ga ta Maru, ga kwalejin kiwon lafiya a Tsafe. 'Ya'yan masu faci da masu ƙuli-ƙuli ne ke cika azuzuwansu, da kuɗin da aka tara naira-naira a asusu da adashi. Guminku ne ke zaune a kan waɗancan kujerun.

Saboda haka ga aiki, kuma ba na gobe ba ne. Bakanike, kana da shekara 30 kana jin ciwon inji da kunne kafin ka buɗe shi. A ina ka ajiye wannan sanin? Sayi littafin rubutu, ko ka sa yaronka ya ɗauki muryarka a waya, ka bayyana masa dalla-dalla. Ungozoma, mai rini, maƙeri, manomin da ya san wace dawa ke jure ƙarancin ruwa a jigawar Bunguɗu, kowannenku yana da tasa Alfiyyar a ka, ba a tace ba, ba a rubuta ba. Tace ta. Rage ta yadda yaro zai iya ɗauka. Zaɓi mutum biyu cikin yaran shago, ɗaya naka ɗaya na maƙwabci, ko ɗan gudun hijirar da ke zaune bakin tasha ba abin yi, ka ce su zo gobe da ƙarfe bakwai. In ba su zo ba, fita bakin titi ka kira su!